Ɓatan Filash da Wa'adin Sa'o'i 72

Tun da Shugaba Tinubu ya rattaba hannu kan Dokar Kare Bayanai a Yunin 2023, ɓatan filash mai ɗauke da lambobin NIN ya wuce ƙaramar asara, domin dole ma'aikata ta sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 idan bayanan jama'a suka shiga hatsari. Jami'in da aka tura daga Abuja ya tattaro sunayen manoma a Samaru Kataf, filash ɗinsa ya faɗi a tashar Kafanchan, ya bar sirrinsu a hannun mai tsintuwa. Manhajar BitLocker ta Windows Pro tana kulle filash da kalmar sirri. Ya rage wa ma'aikatu su wajabta kullewar, su adana mabuɗin ceto a ofis.