Adabin Hausa na bin kakanninmu mata bashin labarin ƙaura

A 2022 marubuciya Carolyn Huynh ta fitar da littafin The Fortunes of Jaded Women, wanda ya bi rayuwar kaka da uwa da jikoki mata na wani dangi daga Biyetnam da ya zauna a Kalifoniya ta Amurka. 'Yan Biyetnam sun kwarara ƙasar ne bayan faɗuwar Saigon a 1975, kuma kafin a cika shekara 50 jikokinsu sun mayar da wahalar iyayensu mata adabi. Ƙaurar Hausawa ta girmi wannan nesa ba kusa ba, amma har yau matan da suka sha ƙurar hanya suna gefen shafi.

Bauchi ce ta fi cancantar a fara wannan magana da ita. Ɗanta, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya rubuta Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934. A cikinsa uwa ta keta Sahara tana neman ɗanta, aka bautar da ita, ta kai Tarabulus, ta gan shi, sannan ta cika. Sai dai daga bakin ɗan muka ji labarin. Abin da uwar ta ƙunsa a zuci, ba mu same shi daga bakinta ba.

Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, dubban mutane sun nufi gabas, wasu suka zauna a Mai Wurno ta Sudan. Haka fataken goro suka kafa zanguna a Kumasi da Akara. Tarihi ya riƙe sunayen sarakuna da malamai da madugai. Matan da suka haihu a hanya, suka riƙe harshe da tarbiyya a baƙuwar ƙasa, sunayensu sun tafi da su kabari.

Wasu za su ce sirrin gida ba na kasuwa ba ne, kuma kunya ado ce. Gaskiya ne. Amma amfanin ƙagaggen labari ke nan: yana sauya suna, ya bar gaskiyar rayuwa. Littafin Baba of Karo na 1954 ma ya nuna irin taskar da ke bakin tsohuwa ɗaya idan ta sami mai saurare.

Ma'aikacin tarayya da ya baro Ƙofar Dumi ya tare a Kubwa ko Lugbe shi ma ɗan ci-rani ne. 'Yarsa na iya tashi ba ta iya doguwar hira da kakarta da Hausa. Idan tsohuwar ta rasu, wa zai faɗa wa yarinyar daga ina danginta suka taso?

Hutun Sallah mai zuwa dama ce. A zauna da Iya ko Gwaggo, a nemi izininta, a naɗi muryarta a waya, a tambaye ta sunan uwarta da garin kakarta. Da irin wannan hira marubuta mata na Bauchi da Kano da Zariya za su sami abin gina littafin da ake jira.