Wa Zai Adana Wasiƙun Manyan Malaman Adamawa?

Ranar 5 ga watan Yuni na shekarar 2025 Allah ya yi wa Farfesa Jibril Aminu rasuwa a Abuja. An yi zaman makoki, jaridu sun cika shafuka da yabo, gidajen rediyo sun yi ta jero muƙaman da ya riƙe, daga nan kowa ya kama gabansa. Amma akwai wata tambaya wadda ta fi yabon nan muhimmanci ga mutanen Yola da Jimeta, da kuma 'yan'uwansu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal. Watau, ina wasiƙun irin waɗannan manyan mutane suke zuwa bayan an rufe masu su? Kuma wa ke da alhakin tattara su tun gara da ruwan damina ba su riga kowa ba?

Abin da ya jawo wannan magana shi ne labarin wani Ba'amurke mai suna Linus Pauling, shehun malami a fannin kimiyyar sinadarai, watau kemistiri. An haife shi a garin Portland a 1901, ya rasu a 1994 yana da shekara 93. Shi kaɗai ne a duniya ya taɓa samun lambar Nobel sau biyu ba tare da ya raba ta da kowa ba: ta kemistiri a 1954, da ta zaman lafiya ta shekarar 1962. Kada mai karatu ya ce ina ruwan biri da gada. Duk gidan da ke da yaro mai ciwon sikila akwai ruwansa da wannan mutum, domin shi da abokan aikinsa ne suka nuna a 1949 cewa ciwon yana tasowa ne daga wata 'yar tangarɗa a cikin sinadarin da ke ɗaukar iska a jini.

To, Pauling mutum ne mai rubuta wasiƙa kullum, kuma ba ya yar da takarda. In wasiƙa ta zo sai a ajiye ta, in ya ba da amsa sai a ajiye kofen da aka buga da takardar kabon. A 1986 ya ba da takardunsa da na matarsa Ava Helen ga Jami'ar Jihar Oregon, inda ya yi karatunsa na fari. Abubuwan da ke cikin tarin sun kai wajen 500,000. Ma'aikatan ɗakin karatu na jami'ar suka zauna suka jera na shekaru masu yawa rana-rana, har ya zama mutum yana iya ɗaukar rana ɗaya tak ya ga wa ya rubuto masa a ranar, wa ya ba amsa, wane gari ya tafi lacca, har da cakin kuɗin da matarsa ta rubuta na hidimar gida.

Amfanin wannan jeri shi ne ya nuna yadda ake yin aikin zaman lafiya a zahiri. Jama'a sun saba ganin hoton babban mutum yana karɓar lamba, sai su ɗauka jawabi ɗaya ya yi duniya ta girgiza. Ba haka abin yake ba. A 1957 Pauling ya tsara wata takardar koke da ke neman manyan ƙasashe su daina gwajin bom ɗin nukiliya a sararin sama, saboda ƙurar da ke saukowa tana shiga ciyawa, ta shiga nonon shanu, ta ƙare a ƙasusuwan yara da haƙoransu. Da ambulan da kan sarki aka yi wannan yaƙi. Shi da matarsa da 'yan mataimaka suka yi ta aika wa malaman kimiyya ɗaya bayan ɗaya, wannan ya sa hannu ya miƙa wa na kusa da shi, wancan ya ƙi ya faɗi dalili. A watan Janairu na 1958 aka miƙa takardar ga Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Dag Hammarskjold, da sa hannun malamai 9,235, daga baya adadin ya haura 11,000.

Bai sha da daɗi ba. Tun a 1952 gwamnatin ƙasarsa ta hana shi fasfo na zuwa wani taron kimiyya a Landan, ana zarginsa da karkata ga 'yan gurguzu. A 1960 wani kwamitin Majalisar Dattawa ya kira shi ya ce lallai sai ya faɗi sunayen waɗanda suka taya shi yaɗa takardar koken. Ya ƙi, alhali kuwa ya san ana iya ɗaure shi. Ranar 10 ga Oktoba, 1963, ranar da yarjejeniyar Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyat ta hana gwaji a sama da cikin ruwa ta fara aiki, a ranar ce aka ba da sanarwar lambarsa ta zaman lafiya.

Dattawan Arewa ba baƙi ba ne ga wannan batu. Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bom ɗinta na farko a Reggane cikin hamadar Aljeriya, a daidai lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura daga Sahara tana zubawa a kan rufin kowa tun daga Sakkwato har Yola. Da ta yi na uku a ƙarshen wannan shekara, sai gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Ikko a watan Janairu na 1961. Ashe abin da malamin nan yake ta lasar ambulan a kansa a can Kalifoniya, hancin mutanen nan ya shafa.

Kuma takardun ba su rufa masa asiri ba. A cikinsu akwai kuskuren da ya tafka a 1953 wajen siffanta ƙwayar halittar gado, wanda Watson da Crick suka gano daidai a wannan shekara. Akwai kuma dogon musun da ya yi a ƙarshen rayuwarsa cewa shan bitamin C da yawa yana taimakon masu ciwon daji, abin da gwaje-gwajen likitoci ba su tabbatar ba. Da danginsa sun tsince masu daɗi sun ƙone sauran, da ɗalibi bai koyi cewa babban malami ma yana tuntuɓe ba.

Yanzu a dawo gida. Idan akwai garin da ya kamata ya san darajar wasiƙa, to Yola ce. A 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso Yola, amma Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki, domin takardun da ya zo da su daga Barno suke, ba daga Sakkwato ba. Da Turawan Ingila suka ci garin a watan Satumba na 1901, Lamiɗo Zubairu ya fita, ya rubuta wa Sarkin Musulmi Abdurrahman labarin abin da ya auku. Wannan wasiƙa ta tsira ne saboda Wazirin Sakkwato yana ajiye takardu. Turawa suka same su a gidansa a 1903, wani jami'insu H. F. Backwell ya fassara su, aka buga a Ikko a 1927. Ba don haka ba, da abin da ke rubuce na faɗuwar Yola sai rahoton sojan da ya harbe ta. Haka nan muhawarar da Muhammadu Bello ya yi da Shehu Laminu na Barno a kan halaccin yaƙi tsakanin Musulmi, ta wasiƙa aka yi ta, kuma Bello ya kawo har da hujjojin abokin hamayyarsa a cikin Infaƙul Maisuri. Magabata ke nan, masu alƙalamin kara da tawadar zige.

To, jikokinsu masu keken rubutu da sakatarori fa? A dubi Jibril Aminu, mutumin Song, likitan zuciya. Ya gama karatun likita a Badun a 1965. Ya riƙe Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa daga 1975 zuwa 1979, ya shugabanci Jami'ar Maiduguri daga 1980 zuwa 1985, ya yi Ministan Ilmi har 1989, sannan na Man Fetur har 1992, ya yi jakada a Amurka daga 1999 zuwa 2003, ya wakilci Adamawa ta Tsakiya a Majalisar Dattawa shekara takwas. A zamaninsa aka kafa shirin ilmin 'ya'yan makiyaya. Wa ya goyi bayan shirin, wa ya yi masa zagon ƙasa, me arɗo-arɗo suka ce? Amsar tana cikin fayil. A dubi kuma Farfesa Iya Abubakar na Belel, gwanin lissafi wanda ya yi digirinsa na dakta a Kambirij, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Lokacin tarzomar ɗalibai ta 1978 a kan ƙarin kuɗin abinci da ɗakin kwana, wadda aka yi asarar rayuka a Ikko da Zariya, 'yan Adamawa biyun nan suna tsakiyar al'amarin, ɗaya a hukumar jami'o'i, ɗaya a Samaru. An daɗe ana ba da labarin nan da baki, kowa da irin nasa. Takardun da suka yi ta kai da kawowa a makonnin nan su ne za su raba gardama, kuma su ne za su yi wa kowa adalci.

Ta fuskar zaman lafiya ma Yola tana da abin ajiyewa. A watan Janairu na 2012, bayan hare-haren da aka kai a Mubi da Jimeta, limamai da fastoci da 'yan kasuwa suka haɗu a Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola suka kafa ƙungiyar wanzar da zaman lafiya ta Adamawa, marigayi Alhaji Ahmed Joda yana cikin jagorori. Da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a watan Oktoba na 2014, dubban 'yan gudun hijira suka kwararo, wasu suka sauka a gidajen dangi, wasu a harabar majami'ar Santa Teresa ta Jimeta wajen Bishop Stephen Mamza. Wa ya aika wa wa neman buhun masara, wa ya amsa, wane limami ya kira wane fasto da tsakar dare don a kashe wata jita-jita? Wannan shi ne darasin da jihohin da ke fama da rikici suke bukata. Sai dai yawancin saƙonnin wannan zamani ba a takarda suke ba, a wayar hannu suke da imel. Waya ta faɗa ruwa, ko ɓarawo ya fizge ta, ko mai ita ya rasu da lambar sirrinsa, shi ke nan. Ta wannan fuska gara ma ta fi imani, don ita takan bar rabin shafi.

Iyalai suna da uzurinsu, kuma bai kamata a raina shi ba. Wasiƙa tana ɗauke da bashi, da saɓani tsakanin aminai, da roƙon aiki da wani ya yi wa ɗansa, kuma Bafulatani ba ya son a ga cikinsa. Wasu kuma ƙone takardu suke yi da kyakkyawar niyya, don kada a taka sunan Allah da ke kansu. Ga kuma rabon gado, inda akwati ɗaya zai rabu gida biyar. Amma duk wannan yana da magani. Gidajen adana takardu a duniya suna karɓar ajiya da sharaɗi, a rufe wani sashe shekara 20 ko 30 har waɗanda abin ya shafa su kau. Takarda mai Bisimilla kuwa ta fi samun girma a cikin kabad na jami'a bisa ga hannun mai ƙosai.

Wurin ajiya ma ba a rasa ba. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar cibiyar tarihi a 1970. Akwai Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. A Kano an mayar da Gidan Mambayya na Malam Aminu Kano cibiyar nazari a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Amma abin da ya fi dacewa shi ne takardun 'yan Adamawa su zauna a Adamawa. Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha, ita ya kamata ta ware ɗaki busasshe a bene, ta ɗauki ƙwararrun ma'aikata ko da biyu ne, ta rubuta wa iyalai takardar roƙo, Fadar Lamiɗo ta sa baki. A bene aka ce, domin wanda ya ga ambaliyar Binuwai ta 2012 da ta 2022 ya san abin da ruwa ke yi wa ɗakin ƙasa. Kuɗin da wannan aiki zai ci bai kai na motar kwamishina ɗaya ba. Ƙungiyoyin 'yan Adamawa da ke Ikko da Fatakwal, waɗanda ke tara gudunmawa in an yi gobara ko rasuwa, suna iya sayen na'urar ɗaukar hoton takardu da akwatunan ajiya a zama ɗaya.

Kada kuma mazauna Kudu su ɗauka maganar farfesoshi ce kaɗai. A Sabon Badun, da Agege, da Idi-Araba, da Shagamu, akwai akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin gado cike da wasiƙun ajami da na boko, waɗanda akawun bakin gidan waya ya rubuta, ko aka ba direban babbar mota ya kawo. A ciki akwai farashin goro da na shanu, da labarin fari, da na zaman ɗar-ɗar na 1966, da sunayen waɗanda suka yi wa baƙo masauki. Littafin da aka fi sani a kan Hausawan Sabo wani baƙo ne, Abner Cohen, ya rubuta shi a 1969, don shi ne ya zauna ya tambaya ya rubuta. Wanda ke da irin wannan akwati ya ɗaga shi daga ƙasa ya ɗora a kan benci, ya cire ƙusoshin maƙala takarda da suka yi tsatsa, kada ya naɗe su a leda don tana tara gumi. In akwai tsohon da ya san masu rubutun, a zauna da shi a rubuta sunan kowa da garinsa da shekarar a wata takarda dabam, da fensir, a sa a cikin ambulan ɗin.