Wa ke yi wa ɗan ƙwallonmu ciniki?

Yau za mu ɗan leƙa filin ƙwallo, kuma muna neman afuwar waɗanda ko offside ba su sani ba, don maganar ta shafi gumin talaka fiye da yadda ta shafi raga.

Mu da muka tashi tsakanin Kankia da Kusada mun san yadda la'asar take a filin makarantar firamare. Daga Rimaye zuwa Kafin Soli, daga Yashe zuwa Mawashi, babu garin da ba shi da yaron da ake cewa "wannan sai Turai". Muna da irinsa a unguwarmu. Shekarun baya wata ƙungiya a wata jiha ta ɗauke shi, muka raka shi tasha da murna, mahaifinsa har da sadakar ƙosai. An ba shi takarda ya sa hannu a ofishin sakatare, aka karɓe, ba a ba shi kwafi ba. An yi masa alƙawarin kuɗin sa hannu, ya ga kashi ɗaya, sauran aka ce sai an saki kuɗi daga sama. Wata huɗu yana buga wasa da albashin wata ɗaya. Da gwiwarsa ta samu matsala, sai aka ce ya je gida ya huta, za a neme shi. Yanzu haya yake yi da babur a bakin titin Kano zuwa Katsina. Da muka tambaye shi me ya sa bai kai ƙara ba, dariya ya yi, ya ce, "Da wace takardar?"

Wannan tambayar tasa ce ta kawo mu nan. A ganinmu, abin da ya kashe shi shi ne ya shiga ofishin nan shi kaɗai. Babu wanda ya karanta masa, babu wanda ya yi masa ciniki, babu kuma wanda masu ƙungiyar ke jin tsoron fushinsa.

Idan muna gidan kallo muna gardama kan albashin 'yan wasan Firimiyar Ingila, mukan ɗauka haka suka tarar da abin. Ba haka ba ne. Har zuwa farkon 1961, doka ta hana a biya ɗan wasa a Ingila fiye da fam 20 a mako, komai cikar filin da yake jawowa. Ƙungiyar 'yan wasan ƙasar, ƙarƙashin Jimmy Hill, ta yi barazanar yajin aiki, masu kulob suka ga da gaske ake, aka soke dokar a watan Janairun shekarar. Ba a jima ba Fulham ta fara biyan Johnny Haynes fam 100 a mako. A 1963 George Eastham ya kai Newcastle kotu kan tsarin da ya ba kulob damar riƙe ɗan wasa ko da kwantiraginsa ya ƙare, kotu ta ce tsarin ya tauye haƙƙin neman abinci. A Disamba 1995 kuma kotun Tarayyar Turai ta ba Jean-Marc Bosman na Beljiyam gaskiya, shi ya sa yau ɗan wasa ke tafiya kyauta idan wa'adinsa ya cika. Ko a Sifaniya, a Agusta 2011, sai da aka ɗage makon farko na La Liga saboda 'yan wasa sun ƙi fita, suna neman a biya abokansu kusan 200 bashin da ya kai Yuro miliyan 50. Ku lura da wannan: manyan taurari, waɗanda ba sa bin kowa ko kwabo, su ma sun tsaya saboda ƙananan.

Mu dawo gida. A takarda, mu ma muna da tanadi. Fiye da shekara goma da suka wuce, hukumar LMC da ke gudanar da gasar ƙwararru a lokacin ta sanya naira 150,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, lokacin dala ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kowa ya lissafa abin da wannan kuɗin zai saya a kasuwa yau. Akwai ƙungiyar PFAN ta 'yan wasa, wadda Tijjani Babangida, tsohon ɗan wasan Ajax, ya jagoranta, a baya kuma an yi NANF da aka fi sani da Harrison Jalla. Tun 2018 ma FIFA ta saka a dokokinta cewa idan kulob ya riƙe wa ɗan wasa albashin wata biyu, ɗan wasan zai iya rubuta masa takardar gargaɗi ta kwana 15, in bai biya ba ya raba gari da shi. Sai dai kotun FIFA ta fi sauraron rikicin da ya haɗa ɗan wata ƙasa da kulob na wata ƙasa. Wato baƙon da ya zo daga Gana ko Kamaru yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa a waje, ɗan Kusada kuwa sai dai ya bi layi a kwamitin NFF, in ma yana da kwafin kwantiraginsa.

Amma babbar matsalar tana wajen wanda ake cinikin da shi. Katsina United ta gwamnatin Jihar Katsina ce. Kano Pillars ta gwamnatin Kano ce. Haka Wikki Tourists a Bauchi, El-Kanemi Warriors a Borno, Niger Tornadoes, Plateau United. Masu zaman kansu irin Remo Stars, wadda ta ɗauki kofin 2025, 'yan kaɗan ne. To ɗan wasa da wa zai yi ciniki? Shugaban kulob naɗaɗɗe ne, zai ce fayil yana wajen kwamishina. Kwamishina zai ce ana jiran sa hannun Mai Girma. Haka tsarin yake a duk inda gwamnati ce mai ƙungiya, ko mutanen kirki ne a kan kujerun. Shi ya sa harshenmu ma ya canja. Ba ma cewa an biya 'yan wasa haƙƙinsu, sai mu ce gwamna "ya gwangwaje su". Mu da muke rubutu a shafukan sada zumunta muna da laifi a nan, don mu ne ke yaɗa hoton ana miƙa ambulan bayan an ci wasa, muna ta addu'a da jinjina, ba ma tambayar ko albashin watan jiya ya shiga. Wanda aka saba yi wa kyauta ba ya iya buɗe baki ya ce yana bin bashi, sai a ce ya yi butulci.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce waɗannan ƙungiyoyi ba riba suke kawowa ba, kuɗin ƙofa a filin wasa na Muhammadu Dikko ba zai riƙe kulob ba, kuma kuɗin da ake kashewa na jama'a ne, a jihar da malamin firamare da ma'aikacin asibiti ke kuka, ga kuma matsalar tsaro da ta hana mutanenmu da yawa noma. Mun yarda. Idan har za a zaɓa tsakanin maganin asibitin Kankia da sayen ɗan wasan gaba, mun san abin da za mu zaɓa. Sai dai wannan hujja ce ta rage alƙawari, ba ta saɓa shi ba. Idan jiha ba za ta iya biyan dubu 500 ba, ta ce dubu 200 za ta iya, ta rubuta, ta biya ranar da ta ce. Ɗan wasa yana da shekara goma zuwa goma sha biyar ne kawai a ƙafarsa, babu fansho, babu giratuti. Wata shida da aka riƙe masa ba za su dawo ba. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Kuma cinikin ya wuce albashi. Ranar 8 ga Maris 2020, a Lafiya, ana tsakiyar wasa tsakanin Nasarawa United da Katsina United, Chineme Martins na Nasarawa ya yanke jiki ya faɗi. Jaridu sun ruwaito cewa motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi. Bai rayu ba. Likita a bakin fili, mota mai lafiya, inshorar rauni, hutu bayan tafiyar kwana biyu a bas daga Katsina zuwa Fatakwal, duk abubuwa ne da ƙungiyar 'yan wasa mai ƙarfi ke sa wa a yarjejeniya kafin a busa usur na farko. Ɗan wasa ɗaya ba zai iya neman su ba, washegari za a cire sunansa daga jerin masu tafiya.

Abin da muke da shi a madadin yarjejeniya shi ne bore. Super Eagles sun ƙi yin atisaye a Brazil a 2014 kafin wasansu da Faransa saboda alawus. Super Falcons sun ci kofin Afirka a Kamaru a 2016, suka dawo suka ƙi barin otal a Abuja sai an biya su. Waɗannan suna da suna, duniya na kallonsu, shi ya sa ake jin kunya a biya. Yaron da ke buga gasar rukuni na biyu, in ya zauna a ƙofar gidan gwamnati da kwali a hannu, wa zai ɗauke shi hoto?

Abin da muke so mu gani ba shi da tsada. Kowane ɗan wasa ya fita daga ofis da kwafin abin da ya sa wa hannu, a kuma fassara masa da Hausa idan Turancin ya fi ƙarfinsa. Hukumar gasa ta ƙi yi wa kulob rajista sai ya nuna shaidar banki cewa ya biya bashin bara. Ƙungiyoyin 'yan wasan su daina rigimar wa ya fi wa sahihanci, su samu wakili a kowane kulob, wanda doka ta hana a kora saboda ya yi magana. Mu kuma a nan gida, kafin mu sake raka wani yaro tasha, a samu ɗaya daga cikinmu da ya yi boko ya bi shi har ofishin sakataren, ya karanta takardar layi-layi, ya ɗauki hotonta a waya. Ƙanin wancan abokin namu shekararsa 17, kuma an fara zuwa kallonsa a fili.