GNS Da Sabon Ɗalibin Kimiyya: A Yi Lissafi Kafin A Raina Shi



Duk shekara idan aka fara rajistar sabbin ɗalibai, akwai wata shawara da 'yan aji biyu ke bai wa ƙannensu a ɗakunan kwana da wajen masu fotokwafi: "Ka riƙe Kemistiri da Lissafi da kyau, GNS kuwa karatun dare ɗaya ya ishe ka." Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin shi ke kai yara ƙasa, kuma a kansa nake son mu tattauna a wannan makon.

Da farko, sabon ɗalibi a Najeriya ba shi da wani zaɓin kwas na a zo a gani. A foliteknik, hukumar NBTE da ke Kaduna ce ke tsara manhaja. Wanda ya samu SLT, wato fasahar ɗakin gwaje-gwaje, jerin kwasa-kwasansa a shirye zai tarar da shi: Bayoloji, Kemistiri, Fiziks, Lissafi, sai Turanci da ilimin zama ɗan ƙasa a ƙarƙashin GNS, da kuma kwas ɗin koyon sana'a. A jami'a ma, manhajar CCMAS da hukumar NUC ta ƙaddamar a 2022 ta riƙe kashi 70 cikin 100, ta bar wa kowace jami'a 30, kuma GST na cikin na dole. Abin da ya rage a hannun ɗalibi shi ne yadda zai raba awoyinsa. Nan ne zaɓin yake.

To mu yi lissafi, tunda 'yan kimiyya muke magana da su. A tsarin da yawancin foliteknik ke bi, A maki 4.0 ne, BC 3.0, E kuma, wanda shi ne mafi ƙarancin ci, 2.0. Daga E sai F, sifili. Ku lura da wannan ramin. Tsakanin mai 40 da mai 39 akwai maki biyu cur a kan kowane yunit. A ce ɗalibi yana da yunit 20 a zangon farko, ya samu BC a komai. GPA ɗinsa 3.00, Upper Credit ke nan. Idan ya faɗi GNS guda mai yunit 2, jimillarsa ta sauko daga 60 zuwa 54, a raba da 20, ya koma 2.70, Lower Credit. Da A ya samu a wannan kwas ɗin, da 3.10 gare shi. Takardar sakamako ba ta tambaya ko makin daga Fiziks ya fito ko daga Turanci. Kuma kowa ya san samun 75 a ilimin zama ɗan ƙasa ya fi samun 75 a Kemistiri sauƙi nesa ba kusa ba. Wane ɗan kasuwa ne zai bar riba mai araha a ƙasa ya tafi neman mai tsada kaɗai?

Wannan bambancin ba ado ba ne. Shiga HND na buƙatar aƙalla Lower Credit, jami'o'i da yawa kuma sai da Upper Credit suke karɓar mai ND ya fara daga aji biyu. Sannan kwas ɗin da aka faɗi ba ya tafiya, kwantai yake zama. Baɗi zai dawo ya hau kan kayan aji biyu, lakcarsa ta ci karo da firaktikal, ka zauna cikin ƙannenka kana ɓoye fuska. Wani ma abokansa su gama su bar shi saboda yunit 2.

Akwai kuma abin da maki ba ya nunawa. Yawancinmu da Hausa muke tunani, daga makarantun gwamnati muka fito, Turancin ma da ƙyar aka tsallake shi a WAEC ko NECO. Rahoton firaktikal da Turanci ake rubuta shi. Haka littafin SIWES, haka furojet na ƙarshe da za ka tsaya gaban malamai ka kare. Sau da yawa ɗalibi ya san amsa sarai, amma tambayar ta ce ya bambanta abu biyu, shi kuma ya zauna ya jero su. Wannan faɗuwar a takardar Bayoloji za ta bayyana, alhali a ajin Turanci ta samo asali.

Ban ce masu raina GNS ba su da hujja ba. Ana tara sassa da yawa a zaure ɗaya, na baya ba ya jin malami, wani malamin ma karanta takarda kawai yake yi ya fita. Wanda ya shafe awa uku tsaye a ɗakin gwaji, ga rahoto na jiransa, ba za a ga laifinsa ba idan ya ji wannan zaman ɓata lokaci ne. Makarantu na da nasu gyaran a nan. Amma kafin su gyara, sunan ɗalibi ne ke kan takardar.

Ban kuma ce a raba lokaci daidai wa daida ba, wannan ma wauta ce. Lissafi da Kemistiri gini ne, wanda ya rasa makonni uku na farko zai daɗe yana lalube, don haka su ne na kullum. GNS abin da yake nema kaɗan ne, sai dai a kan kari: ka halarci aji, domin makarantu da yawa na sharɗanta halartar kashi 75 kafin jarrabawa, kada gwaji ko aikin gida ya wuce ka, tunda su ke ɗauke da maki 30 ko 40 tun kafin a shiga zauren jarrabawa, sannan ka ware masa awa biyu a ƙarshen mako.

'Yan jami'a da ke da damar ƙara kwas na zaɓi, kada ganin an ce iyaka yunit 24 ya sa ku cike fom dam a zangon farko. Ku ɗauki na dole, ku kai fom ɗin wajen malamin da ke kula da ajinku ya duba kafin a rufe rajista, na zaɓin kuma ku bar shi sai kun ga sakamakon farko.