Na'urar Ban Ruwa: Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Tsakanin Samaru da Shika tafiyar 'yan mintoci ce a mota, amma a wannan ɗan tsakanin ne Allah Ya tara mana cibiyoyin ilimin noma da babu kamarsu a Arewa. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR wadda tushenta ya faro tun 1922, ga NAERLS mai isar da sakamakon bincike ga manoma, ga NAPRI ta binciken dabbobi a Shika, ga kuma sassan injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello. Duk da haka, manomin ranin da ke maƙwabtaka da su har gobe da ido da tafin hannu yake gane ko ƙasa na son ruwa. Wannan ne ya sa na ga ya dace in ja hankalin masu karatu kan wata 'yar na'ura da ɗalibanmu suka daɗe da iya haɗawa, amma ta kasa isa lambu.

Na'urar ba ta da wani sarƙaƙiya. Ana soka ma'aunin danshi a ƙasa kusa da saiwar shuka, a haɗa shi da wata ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki irin su Arduino, wadda aka ƙirƙiro a Italiya a 2005 domin koyar da ɗalibai. Idan danshi ya yi ƙasa da iyakar da aka rubuta mata, sai ta kunna famfo. Da zarar ƙasa ta sha, sai ta kashe. Faifan sola ɗaya da batir sun isa su riƙe ta, ba sai an jira wutar NEPA ba. Da wuya a sami jami'a ko kwalejin fasaha a ƙasar nan da ɗalibi bai taɓa gabatar da irinta a matsayin aikin kammala karatu ba. A ba shi maki, a yi masa tafi, sannan a jefa ta cikin kabad ƙura ta rufe ta.

Abin da ya sa wannan sakaci ya dame ni shi ne halin da noman rani ya shiga. Ruwan saman da ƙasar Zariya ke samu bai wuce kimanin milimita 1,000 a shekara ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba yake sauka. Iyayenmu da jigo suka yi lambu, sannan shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya yaɗa injin ban ruwa mai shan fetur. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, farashin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, kowane ɗigon ruwa ya zama kuɗi. Manomin da ya cika wa tumatir ko albasa ruwa fiye da kima ya yi asara uku: ya ƙona mai a banza, ruwan ya wanke takin da ya saya da tsada, ga ruɓewar saiwa na jiransa.

Ba na cewa na'urar maganin komai ce. Ma'aunin danshi mai arha, mai tsirarar ƙarfe biyu, tsatsa ke cinye shi cikin ɗan lokaci, shi ya sa masana suka fi son wanda aka lulluɓe. Ƙurar hunturu tana dushe faifan sola idan ba a goge shi. Haka kuma ba ta dace da gonar da ake kwarara wa ruwa fage-fage ba. Inda ta fi amfani shi ne wurin renon iri, da lambun da ake shayarwa ɗigo-ɗigo ta siririyar mesa daga tanki. Sai dai duk waɗannan matsaloli a gona ake gano su, ba a ɗakin jarrabawa ba, kuma nan ne gizo ke saƙar.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa irin masarar SAMMAZ da waken SAMPEA da kazar Shika Brown suka fita daga waɗannan cibiyoyi har suka karaɗe ƙasa? Amsa ita ce an shimfiɗa musu hanya: a gwada su a tasha, a gwada a gonar manomi, a yi musu rajista, sannan masu kamfani su yawaita su. Na'urorin ɗalibai ba su da irin wannan hanya.

A nawa ganin, abu uku ya kamata a yi. Na farko, kada a karɓi irin wannan aiki daga ɗalibi sai ya yi rani guda cur a lambun manomi, an rubuta yawan man da aka ƙona da amfanin da aka girba, an kwatanta da fagen da ke gefensa. Na biyu, a zaɓi ƙira ɗaya da ta ci wannan gwaji, a rubuta bayaninta da Hausa, malaman gona su kai ta ƙauye. Na uku, a koya wa masu gyaran rediyo da waya na Sabon Gari haɗa ta da gyaranta, domin na'urar da ba a iya gyara ta a kasuwar kusa ta mutu tun ran da aka saye ta. Kuɗin bincike na TETFund da gwamnatin Jihar Kaduna za su iya ɗaukar wannan ba tare da sun ji a jikinsu ba.

Manominmu ba ya ƙin sabon abu. Wanda ya ajiye jigo ya rungumi inji saboda ya ga riba, zai karɓi wannan ma ranar da ya ga maƙwabcinsa ya rage sayen mai kuma kwandunansa ba su ragu ba, domin gani ya kori ji. Ilimin yana nan, ƙwararrun suna nan, fadamar ma tana nan. Saura mai jefa guga. Allah Ya sa masu abin su ji.