Shekarar IT: Takarda Muke Nema Ko Sana'a?

Jama'a, duk wanda ya gama ND ya san sai ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, wato IT, kafin a ɗauke shi HND. Wannan ban da wata huɗun SIWES, shirin da hukumar ITF ta kafa a 1973. To ɗan Babura ina zai yi tasa?

Mu ba mu da masana'antu irin na Sharaɗa da Bompai a Kano. Ni da na karanta kwamfuta a Kazaure, wani ofishi na samu a gida. Wata biyar ina ɗumama kujera. Kwamfuta ɗaya ce, ita ma kullum a lulluɓe, babu wuta.

Da na gaji sai na koma shagon wani mai gyaran waya a bakin kasuwa. Nan na iya liƙi da dalma da sauya gilashi, har 'yan Nijar na yi wa gyara. Abokaina kuwa dariya suke mini, wai hatimin shago ba shi da kwarjini. Alhali wasunsu sa hannu kawai aka yi musu, shekarar a gona ta ƙare!

Da za a ji ta tawa, kafin HND a ajiye wa ɗalibi lalatacciyar kwamfuta a ce ya tayar da ita.