Filin Uwargida: Burodin Makiyayan Ostareliya a Murhun Farcha



Kowa ya san yadda kuɗin burodi ke cin aljihun maigida, musamman tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashin alkama. Shi ya sa da ɗan yayata da ke karatu a Ostareliya ya ba ni labarin wani burodinsu mai suna damfa, wanda ba ya bukatar gidan burodi, na ce sai na gwada.

Damfa abincin makiyaya ne. Bayan Turawan Ingila sun sauka ƙasar a 1788, masu kora shanu cikin daji kan yi makonni ba su ga gari ba. Guzurinsu fulawa, gishiri, sukari da ganyen shayi. Sai su kwaɓa fulawar da ruwa su binne cikin toka mai zafi. Tun kafin zuwansu ma, 'yan asalin ƙasar suna niƙa tsabar ciyayi su gasa haka. Wadda ta taɓa cin tagalla ta Buzaye, da ake binnewa cikin yashi da garwashi, ta san dangin wannan abinci.

Ga yadda na yi: fulawa kofi 3, bekin foda ƙaramin cokali 3, gishiri rabin cokali, man shanu babban cokali 2, madara kofi 1. A murje man cikin fulawar, a zuba madara, a haɗa a dunƙule. Kada a yi ta murzawa, zai yi tauri. A tsaga samansa da wuƙa.

Gwajin farko kuwa na sha kunya. Na ɗora tukunya kan wuta tana ci bal-bal, waje ya ƙone ƙurmus, ciki ɗanye. Maigida ya duba ya ce, "Hajiya, wannan na ci ne ko na jifa?" Fulawa ta tafi a banza, raina ya ɓaci.

Kashegari na gane laifina: garwashi ake so, ba harshen wuta ba. Na barbaɗa fulawa a gindin tukunyar ƙarfe, na sa ƙullin, na rufe, na ɗora kan garwashin girkin dare, na zuba wani bisa murfi. Bayan minti 30 na ƙwanƙwasa shi, ya yi ƙara kamar ganga. Ya nuna ke nan.

Su can da wani ruwan sukari mai kauri suke ci. Mu kuwa da zuma muka ci, da shayi, sauran muka dangwala a miyar naman da na sayo nan kusa da mayankar Farcha. Yara ba su bar ko ɓarɓashi ba.

Gargaɗi ɗaya: a ci shi da zafinsa, domin in ya kwana yakan bushe. Wadda ta gwada ta rubuto mana yadda nata ya kasance.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.